Shaiɗan, Iblis, Devil da Eshu: gida ɗaya suka fito ko kowa da gidansu?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya aiko da tambaya. Ya ce an kama wani yaro ɗan dako ya karkatar da buhu, da aka ritsa shi sai ya ce da Yarbanci aikin Eshu ne. Direban da ya kawo kayan, Ibo ne, ya ce ai Ekwensu ke nan, su kuma Hausawan rumfa suka ce sharrin Shaiɗan. Sai wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da sassaƙe ta fusata, ta ce a daina haɗa Eshu da Shaiɗan, ba abu ɗaya ba ne. Yana so ya san asalin kalmar Shaiɗan, ko ita ce Satan da devil na Turawa, kuma ko tsohuwar tana da gaskiya.

Malam, sannu da kasuwa, Allah ya sa albarka a nema. Tambayarka ta faɗo a gonata, domin shekaru ke nan ina karantar da Larabci a nan Agege, kuma zama cikin Yarbawa ya tilasta mini bin diddigin wannan magana tun kafin ka tambaya. A gajarce: Shaiɗan da Satan 'yan gida ɗaya ne. Devil daga wani gida ta fito, amma akwai hujja mai ƙarfi cewa ita da Iblis dangi ne. Eshu kuwa ba shi da jini da ko ɗaya daga cikinsu, aure aka ɗaura masa da su a ƙarni na 19. Ta fuskar harshe, Iya, wato tsohuwar nan, tana da gaskiya. Yanzu bari in warware maka zare da abawa.

Mu fara da tamu. Shaiɗan aro ce daga Larabci, shaiṭān. Harafin ɗamisa-hannu (ṭ) na Larabawa idan ya shigo bakin Bahaushe yakan koma ɗ, shi ya sa muke cewa ɗalibi, ɗabi'a, ɗa'a, sharaɗi, haɗari. Shaiɗan ma wannan hanyar ta bi. Da ta zauna sai ta hayayyafa: shaiɗani, shaiɗaniya, shaiɗanu, shaiɗanci. Kuma ba mu kaɗai muka ara ba. Fulani suna cewa Seyɗan, Wolof na Senegal Seytaane, masu Suwahili shetani, Somaliyawa shaydaan, Turkawa şeytan, mutanen Indonesiya setan. Duk inda Alƙur'ani ya sauka, kalmar ta sauka tare da shi.

A cikin Larabcin kansa malaman lugga sun kasu biyu. Wasu suka ce daga shaṭana take, wato ya yi nisa. Larabawa suna kiran rijiya mai zurfi shaṭūn, doguwar igiyar guga kuma shaṭan. A wannan fahimta shaiɗan shi ne wanda ya nisanta daga alheri da rahamar Allah. Wasu suka ce daga shāṭa take, ya ƙone, saboda da wuta aka halicce shi, ko saboda ƙunar fushi. Sibawaihi, limamin nahawu wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ya kawo hujjar da ta fi gamsar da ni: idan mutum ya yi halin shaiɗanu Larabawa suna cewa tashaiṭana, da nun ɗinta a ƙarshe. Da a ce daga ƙonewa take, da tashayyaṭa za su ce. Tunda nun ta ƙi faɗuwa, ita 'yar asali ce a kalmar. Ibn Kasir ya kawo wannan a farkon tafsirinsa wajen bayanin a'uzu, kuma shi ma nan ya karkata.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, shaiɗan a Larabci ba sunan yanka ba ne, siffa ce. Duk mai tsaurin kai da ya ƙetare iyaka, mutum ne ko aljan ko dabba, Balarabe yana iya kiransa shaiɗan. Alƙur'ani a suratul An'am aya ta 112 ya ambaci shaiɗanun mutane da na aljanu a jere. A Baƙara aya ta 14 an ce munafukai idan sun keɓe da shaiɗanunsu sai su ce muna tare da ku, kuma masu tafsiri sun ce shugabanninsu ake nufi, mutane masu jini a jika. An ruwaito cewa an ba Sayyadina Umar wata dabbar hawa mai taƙama, tana ta rangaji da shi, ya sauka ya ce ashe a kan shaiɗan kuka ɗora ni. A hadisin Abu Dawuda, Annabi (SAW) ya ga wani mutum yana bin tattabara sai ya ce shaiɗani ne yake bin shaiɗaniya. Larabawan da har wani irin maciji suna kiransa shaiɗan. Saboda haka uwar da take ce wa ɗanta mai ƙiriniya "kai shaiɗani ne" ba ta kauce wa luggar ba, ko da yake ni ba na son a saba wa yaro da wannan kira, bakin uwa ba abin wasa ba ne. Kalmar, tilo da jam'i, ta zo sau 88 a Alƙur'ani, Iblis kuwa sau 11 kacal, kuma kusan duka a ƙissar ƙin yi wa Annabi Adamu sujada. Iblis shi ne guda ɗaya sananne, shaiɗanci kuma aikinsa ne da na duk wanda ya shiga rundunarsa.

To ina Satan ta shigo? Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari (kashin farko na Baibul) da shi, ɗan'uwan Larabci ne na jini, kamar yadda Hausa take da Bolanci da Angas. Akwai ƙa'ida tsakaninsu: wurare da yawa inda Balarabe ya ce "sh", Ba'ibrane zai ce "s". Goma a Larabci ashr, a Ibrananci eser. Gashi sha'r, a can se'ar. Haka shaiṭān da sāṭān. A Ibrananci ma'anarta abokin gaba, mai tare hanya, mai shigar da ƙara. Nan ma da fari siffa ce. A littafin Sama'ila na farko, sura ta 29, shugabannin Filistiyawa sun ƙi Dawuda ya bi su yaƙi don kada ya zame musu satan a fagen daga, wato ya juya musu baya. A Sarakuna na farko sura ta 11 an kira wani Hadad mutumin Edom satan ga Sulaimanu, abokin hamayya ke nan na sarauta. Mafi ban mamaki, a Littafin Ƙidaya sura ta 22, mala'ikan Ubangiji da ya tsaya a hanyar Bal'amu da jakarsa an ce ya tsaya ne a matsayin satan gare shi. Mala'ika ne na kirki, amma ya tare hanya, shi ke nan ya ci sunan.

A littafin Ayuba da na Zakariya sai ka ga an ce ha-satan, da ɗafin da yake daidai da "al" ta Larabci, wato "mai ƙarar nan". Matsayi ne, kamar lauyan gwamnati a kotu. Sai a Tarihi na farko sura ta 21 kalmar ta fito tsurarta ba ɗafi, kuma daga nan mafi yawan masu fassara suka ɗauke ta a matsayin suna. Zuwa zamanin Annabi Isa (AS) ta riga ta zama sunan babban maƙiyi. Tsohon harshen cocin Habasha, Ge'ez, yana da sayṭān, da "y" a tsakiya irin ta Larabci, shi ya sa wasu masu bincike na Turai suke ganin ta Habasha siffar Larabcin ta biyo. Ko ta can ta biyo ko gadon kaka ɗaya ne, gidan dai ɗaya ne.

Yanzu devil. Akwai wata magana da nake ji a bakin masu wa'azin cikin mota a hanyar Oshodi, wai devil daga evil take, an ƙara mata "d". Wannan ba gaskiya ba ne, kama ce kawai ta haruffa. Labarin ya faro ne daga Iskandariya ta Masar, wajen ƙarni na 3 zuwa na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Yahudawan birnin suka koma magana da Girkanci har suka buƙaci a fassara musu littattafansu. Masu fassarar da suka iso kan ha-satan a Ayuba sai suka sa diabolos. Kalmar gaɓa biyu ce: dia, wato ƙetare ko tsakani, da ballein, jefawa. Diabolos shi ne mai jefa magana tsakanin mutane, mai ɓata suna, annamimi. Ita ma siffa ce ta yau da kullum. A wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti sura ta 3 an gargaɗi mata kada su zama diabolos, kuma ba wanda ya fahimci aljanu ake nufi, tsegumi ake hanawa.

Wannan wuri yana burge ni, domin Bagirke da Balarabe da Bahaushe duk sun ga abu ɗaya. Ƙazafi da muke faɗa daga ƙazf take, ma'anarta ta asali jifa. A suratun Nur aya ta 4, waɗanda suke yi wa mata kamammu sharri an ce "suna jifansu". Mu ma muna cewa an jefe shi da sata, an jefe ta da maita. Harsuna uku sun yarda cewa sharri jifa ne. Sai kuma abin ya juyo: wanda Girkawa suka kira mai jifa, Alƙur'ani ya kira shi rajīm, wanda ake jifa. Sheikh Abubakar Gumi a tarjamarsa ya ce "Shaiɗan jefaffe", kuma kowace shekara alhazanmu suna tsintar tsakuwa su nufi Jamrat a Mina, abin da muke kira jifan Shaiɗan.

Daga Girkanci kalmar ta shiga Latin ta zama diabolus, daga nan ta watsu da Kiristanci: diable a Faransanci, diablo a Sifaniyanci, diavolo a Italiyanci, Teufel a Jamusanci. Tsofaffin Ingilishi suka ce deofol, bakin jikokinsu ya goge ta ta koma devil, ita ce kuma ta sauko mana Legas har ɗan dako yake cewa da Burokan aikin debul ne.

Iblis fa? Nan sai an bi a hankali. An ruwaito daga magabata, kuma Ɗabari ya kawo, cewa daga ablasa take, ya yanke ƙauna, domin ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Fi'ilin kansa yana cikin Alƙur'ani: a An'am aya ta 44 an ce "sai ga su mublisūn", masu yanke tsammani. Ma'ana ce mai kyau, ta kuma dace da halinsa. Amma malaman nahawu sun lura da wani abu. Iblis ba ya karɓar tanwini, ba a cewa Iblisun, kamar dai Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ, kuma wannan shi ne hukuncin sunayen da ba na Larabci ba. Kalmomin Larabci masu irin wannan awo, kamar iklīl da iḥlīl, suna karɓar tanwininsu lafiya. Saboda haka Zamakhshari, a Kasshaf wajen bayanin sunan Annabi Idrisu a suratu Maryam, ya faɗa ƙarara cewa Iblis suna ne ba'ajame, ba daga iblās yake ba kamar yadda ake riyawa. Ba Bature ne ya fara faɗa ba, malamin tafsiri ne wanda ya rasu a shekara ta 538 bayan Hijira.

Masu binciken zamani, irin su Arthur Jeffery a littafinsa na 1938 kan baƙin kalmomi a Alƙur'ani, sun ce wannan ajamin ba wani ba ne illa diabolos. Cire "di" ta farko, me ya rage? Abolos, iblīs. "S" ta ƙarshe ma irin ta Girkanci ce, kamar a Yunus da Ilyas. Dalilin faɗuwar "di" kuwa, an ce Kiristoci masu harshen Suryani suna da ɗafi "d" mai ma'anar "na", sai kunne ya ɗauka ɗafi ne ya yar da shi. Irin wannan ya faru da sunan Alexander: Larabawa suka ji "al" ta farko kamar tasu, suka cire, ya zama Iskandar. Mu kuma Hausawa akasin haka muka yi, muka haɗiye "al" ɗin Larabawa cikin kalma, al-kitāb ta zama littafi, al-ākhira ta zama lahira, al-'aib ta zama laifi.

Na san akwai wanda zai ji wani iri idan aka ce kalma a Alƙur'ani tana da tushe a wani harshe. Magana ce da malamai suka tattauna tun tuni. Imam Shafi'i ya tsananta wajen musun baƙin kalmomi, Abu Ubaid ya sasanta da cewa asalinsu baƙi ne amma Larabawa sun larabce su kafin saukar wahayi, Suyuɗi kuma ya ware babi a Itƙan ya jera su. Game da sunayen yanka kuwa ba a yi saɓani ba, kowa ya yarda Ibrahim da Jibrilu ba Larabci ba ne. Ni ra'ayina, hujjar nahawu ta fi nauyi, kuma hakan bai taɓa aƙida da ko ƙwayar zarra ba: wanda ya ƙi sujada yana nan yadda Alƙur'ani ya siffanta shi, daga aljanu yake kamar yadda suratul Kahfi aya ta 50 ta faɗa, ko daga ina sunansa ya zo. Sunan Azazilu da ake cewa shi ne sunansa kafin ya saɓa, ba ya cikin Alƙur'ani, ta ruwayoyin tafsiri ya shigo, kuma yana kama da Azazel na Littafin Firistoci sura ta 16, inda ake korar bunsuru jeji ɗauke da zunuban jama'a.

Lucifer da kake ji a bakin maƙwabta Kirista, a Latin ma'anarsa mai ɗauke da haske, sunan tauraron asuba ne, wanda mu muke kira gamzaki. Ishaya sura ta 14 tana yi wa sarkin Babila zambo, tana kwatanta faɗuwarsa da faɗuwar wannan tauraro. Jerome, wanda ya fassara littafin zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya sa lucifer, malaman coci suka fassara ayar da faɗuwar Shaiɗan, fassarar Sarki James ta 1611 ta bar kalmar yadda take, sai ta zama suna. Beelzebub kuma asalinsa gunkin garin Ekron ne na Filistiyawa, Ba'al-Zebub, ubangijin ƙudaje.

Wannan na ƙarshe ya kawo mu kan maganar Iya. Akwai wata ɗabi'a da ta maimaitu a tarihi: idan sabon addini ya shigo, abin bautar jiya yakan zama shaiɗanin yau, kuma kalmar takan tafi da sabuwar ma'ana. Daimon a wajen Girkawan da ruhi ne kawai, yana iya zama na alheri, masanin falsafarsu Socrates ma ya ce yana da wani mai gargaɗinsa idan zai yi kuskure. Kiristanci ya mai da ita demon. A Indiya deva abin bauta ne, amma a addinin Zartusht na Farisa daeva miyagun ruhohi ne, daga nan Farisanci ya samu dīv, dodo. Kalma ɗaya, tsallaken dutse kaɗan, ma'ana ta kife.

Haka ya faru da Eshu, kuma a nan ƙasar Yarbawa. Samuel Ajayi Crowther yaro ne ɗan garin Oshogun da aka kama bawa a 1821, aka sayar da shi ga Fotugis, aka loda shi a jirgi a nan gaɓar Ikko, wato Legas. Jiragen Ingila suka tare jirgin a 1822 suka sauke shi a Saliyo. Ya yi karatu, ya zama limamin coci, ya wallafa ƙamus na Yarbanci a 1843, ya zama bishop a 1864, ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta 1891. Mutum ne mai zurfin sanin harshe, kuma bai ƙyamaci kalmomin da Musulmin Yarbawa suka riga suka kawo ba: ya ɗauki adura don addu'a, alufa don limami. Amma da aka zo kan devil, fassarar ta ɗauki Eshu. Alhali Musulmin Yarbawa suna da Bilisi, wato Iblis, wadda har yau ake amfani da ita da ma'anar fitina da masifa.

Shi Eshu a addinin gargajiyar Yarbawa wane ne? Ɗaya ne daga cikin orisha, wato ababen bautarsu. Shi ne ɗan aike tsakanin mutane da sauran ababen bautarsu, shi yake kai hadaya inda aka nufa, kuma ba ya rabuwa da Ifa, duban da babalawo, bokayen Yarbawa, suke yi. Mazauninsa mararraba da bakin kasuwa da ƙofar gida. Yana saka wa wanda ya cika alkawari, yana hukunta wanda ya yi sakaci. Yana da wayo da son gwada mutane. Sanannen labarinsa shi ne na aminai biyu masu gonaki a gefen hanya, ya ratsa tsakaninsu da hula mai launi biyu, ɗaya ya rantse ja ce, ɗaya ya rantse baƙa ce, har suka ba hammata iska. Ka ga inda mai fassara ya hango kama: mai haɗa faɗa, ai diabolos ke nan. Amma masu addinin suna cewa darasin labarin shi ne kada ka rantse a kan abin da ka gani ta gefe ɗaya. Babban bambancin kuwa shi ne, a wurinsu Eshu bai yi wa Olodumare, wato Mahalicci, tawaye ba, ba korarre ba ne, ba shi da alwashin halaka 'yan Adam, ma'aikaci ne a fadar. Iblis kuwa gaba ɗayan labarinsa girman kai ne da tawaye da la'ana.

Hujja mafi sauƙi tana cikin sunayen mutane. Ba uban da zai raɗa wa ɗansa "Shaiɗan ya ba ni". Amma Yarbawa suna da Eshubiyi da Eshugbayi. Sarkin Legas da ya hau a 1901, wanda Turawan mulki suka tuɓe a 1925 suka kai shi Oyo, ya yi shari'a da su har majalisar ƙoli ta Landan, ya dawo gida a 1931 cikin gagarumar tarba, sunansa Eshugbayi Eleko. Mutanen Ikko ba su ji suna kiran sarkinsu da sunan la'ananne ba. Bayin da aka kwasa zuwa ƙetare ma sun tafi da shi, yana nan a Barazil da sunan Exu, a Kuba da Elegua, kuma a can ma 'yan mishan sun liƙa masa wannan tambari. Shi ya sa a 'yan shekarun nan masu addinin gargajiya suke fitowa da kwalaye a garuruwan Yarbawa suna cewa Eshu ba Satani ba ne. Ekwensu na Ibo ma kusan haka labarinsa yake: abin bauta ne da ake dangantawa da yaƙi da dabara, fassarar mishan ta sa masa rigar devil.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ni Musulmi ne, kuma a aƙidata yanka ko roƙo ga wanin Allah shirka ne, sunansa Eshu ko Tsumburbura. Suratu Yasin aya ta 60 ta kira bin irin wannan hanya bautar Shaiɗan. Wannan hukunci ne na addini. Amma cewa aikin kaza yana daga ruɗin Shaiɗan daban, cewa kalmar kaza fassararta Shaiɗan daban. Na farko aikin malamin tauhidi ne, na biyu aikin mai ƙamus, kuma mai ƙamus amana aka ba shi ya faɗi abin da masu harshe suke nufi. A ɗaya ɓangaren kuma, yaron da ya ce aikin Eshu ne shi ma bai yi kuskuren Yarbanci ba. Fiye da shekara 150 ana wa'azi da wannan ma'ana a coci, Musulmin Yarbawa da yawa su ma sun ɗauka, har ta zama ita ce ta farko a kunnen yawancin mutanen Legas. Kalmar yanzu tana ɗauke da kaya biyu, tsohuwar da yaron kowa ya kama nasa.

Mu Hausawa me ya sa ba mu faɗa wannan rami ba? Ai muna da namu. Kafin Musulunci akwai iskoki, kuma har yau 'yan bori suna lissafa su da sunayensu: Sarkin Aljan, Inna, Kure, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, da birninsu Jangare. Tarihin Kano ya ambaci Tsumburbura da Barbushe a gindin Dala. Da malaman farko sun ga dama da sun ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, a ce Kure ko Doguwa, sun ce shi ne Shaiɗan. Ba su yi ba, kuma dalilin a fili yake: Musulunci ya shigo mana da karatun allo, ba da fassara ba. Yaro yana haddace a'uzu billahi minas shaiɗanir rajim da Larabcinta kafin ya san ma'anarta, sai kalmar ta shigo da kayanta cikakku, ba ta nemi masauki a gidan wani iska ba. Iskoki kuma aka ba su wani ɗaki daban, aka kira su aljanu, daga al-jinn, wanda Alƙur'ani ya ce a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. 'Yan bori ma sun bi wannan rabo, suna da farfaru da babbaƙu. Don haka Bahaushe yana bambanta mai aljanu da shaiɗani ba tare da an koya masa ba: na farko mara lafiya ne a kai shi ruƙiyya, na biyu mugun hali gare shi a yi nesa da shi. Da aka zo fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, masu aikin sun tarar da Shaiɗan da Iblis a zaune a harshen, suka ɗauka, shi ya sa Bahaushe Kirista da Musulmi suke kiran maƙiyin da suna ɗaya.

Ita kanta iska abin lura ce. Kalma ɗaya ce ga abin da yake kaɗawa da abin da yake shiga jikin mutum, kamar pepo da upepo a Suwahili, kamar rūḥ da rīḥ a Larabci. Daga nan muka samu ɗan iska da iskanci, wanda a ma'anar yau ya matso kusa da shaiɗanci, ko da yake ɗan iska ya fi karkata ga rashin kunya, shaiɗani kuma ga makirci da haɗa husuma. Ibilishi kuma mukan ajiye ta ga wanda hatsabibancinsa ya wuce misali.

Saura maganar "sharrin Shaiɗan ne" da 'yan rumfarku suka yi, wadda ita ce ta fi damuna a duk labarin. Kullum ita ake ji a gaban alƙali da gaban mai unguwa, daga ɓarawon buhu har mai cin amanar marayu. Ka duba duk sunayen da muka bi: mai tare hanya, mai ƙara, annamimi, mai waswasi. Ba ko ɗaya da yake nufin mai ɗaure hannu ya tilasta. Suratu Ibrahim aya ta 22 ta kawo jawabin da shi da kansa zai yi ranar da aka gama hukunci: ba ni da wani iko a kanku face na kira ku kuka amsa mini, don haka kada ku zarge ni, ku zargi kanku. Annabi Adamu da Hauwa'u, waɗanda ya yaudara ido da ido, da suka zo tuba cewa suka yi "mun zalunci kanmu". Annabi Musa (AS) ya ce wannan aikin Shaiɗan ne a suratul Ƙasas, amma a ayar da take biye ya ce Ubangiji na zalunci kaina, ka gafarta mini. Idan yaron ya kawo rabin farko, ku nemi ya cika rabin na biyu, ya dawo da buhun, sannan ku yi masa sassauci gwargwadon hali, wataƙila yunwa ce.

Iya kuwa, gobe idan ka fito ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ka bincika, Eshu da Shaiɗan ba sunan abu ɗaya ba ne a asali. Ba ka sayar da addininka ba don ka faɗi haka. Idan kuma hira ta kai ku ga wanda muke neman tsari daga gare shi, ka ce mata Bilisi ko Satani, za ta gane wanda kake nufi.